Na'urar saitin inji ta hannu: ƙarfi take ƙarawa ko totur kawai take kaifafawa?

Mai Mustang:
Salama 'yan'uwa. Ina da Mustang GT mai injin V8 lita 5.0, babu turbo. Na canja mata salansa, na kuma sa bututun shan iska mai faɗi. Yanzu abokai sun dame ni sai na sayi na'urar nan ta hannu, irin su SCT ko DiabloSport, wadda ake jonawa a soket ɗin OBD-II da ke ƙasan sitiyari a sake wa kwamfutar mota saiti. Kafin in zuba kuɗina, ina son jin ta bakin wanda ya sa da hannunsa. Abin da aka rubuta a jikin kwali na riga na karanta.

Mai baƙar V8:
Ni na sa, ɗan'uwa, kuma ranar farko da an ce in rantse motar ta canja da na rantse. Da na ɗan taɓa totur sai ta zabura. Mako biyu ina cika baki, sai wani aboki ya ja ni muka ɗora ta a kan daino, injin da ake auna ƙarfin da ke isa taya. Muka gwada da saitin kamfani, muka gwada da sabon, rana ɗaya, mai ɗaya. Layukan sakamakon awon biyu kusan a manne suke, sai can sama da juyin inji 5,000 a minti suka ɗan rabu. Ƙarin bai taka kara ya karya ba.

Ashe totur ɗin motocin yanzu ba waya ke jan sa ba, lantarki ne. Saitin ya sa idan na taka kwata, kwamfuta ta buɗe kamar na taka rabi. Ƙafa tana jin mota ta yi zafi, amma idan ka danne har ƙasa, bakin iskar ba zai wuce yadda aka ƙera shi ba.

Mai turbo:
Naku ne dai babu turbo. Tawa silinda 4 ce, lita 2.0, kuma bambancin ko fasinja ya ji shi. A injin turbo kwamfuta ce ke yanke yawan iskar da za a cusa, don haka idan saiti ya ɗaga matsin, ƙarfi na gaske ne ke ƙaruwa, musamman a tsakiyar juyi. Shi ya sa da wuya ka ga mai Subaru WRX da bai san Accessport, na'urar saiti ta kamfanin Cobb, ba. Sai dai bayan 'yan watanni kulocina ya fara sulɓi a giya ta huɗu. Laifina ne, na ƙara wa jaki kaya ban duba ƙafarsa ba.

Tsohon bakanike:
Malam mai Mustang, bari in ja hankalinka kan bututun iskar da ka sa, don nan maganar take. Na'urar ba ta da ƙarfin doki ko ɗaya a cikinta, 'yar aike ce. Abin da ke aiki shi ne fayil ɗin da take kai wa kwamfuta, kuma fayilolin da ke zuwa a cikinta an rubuta su ne don motar da ba a taɓa ba, ko wadda aka yi wa ɗan canji sananne.

Sensar da ke auna iska tana zaune a cikin bututun nan, kuma an saita ta da faɗin bututun asali. Idan naka ya fi faɗi, iska ta fi yawa amma sensa na ba da rahoton kaɗan, sai kwamfuta ta rage mai. A tafiyar yau da kullum injin fetur yana neman iska 14.7 kan mai 1, kuma sensar hayaƙi tana gyara kuskure. Amma idan ka danne totur, ana son mai ya ƙaru, wajen iska 12.5 zuwa 13 kan mai 1 a injin da babu turbo. Mai ya yi ƙaranci a nan, zafi ya hau. Na taɓa buɗe injin wani yaro na tarar da gefen fistin ya ɓantare kamar ɓera ya gutsura. Ya ce yana jin ƙara kamar tsakuwa a gwangwani tun wata guda, ya ɗauka salansa ce.

Sai maganar mai. Yawancin ƙarin da ake samu a injin irin naka daga matso da taimin gaba yake zuwa. Idan ka zaɓi fayil na oktan 93, lambar nau'in fetur da ke jikin famfo a Amurka, ka zuba 87, sensar jijjiga za ta ja taimin baya, ka koma inda ka fito, in ma ba ƙasa ba. Ni abin da nake yi wa masu zuwa wurina: a fita da mota, na'urar ta naɗi bayanan tafiya, a ba wanda ya iya ya rubuta fayil na wannan motar ita kaɗai.

Mai otomatik:
Ni ba don ƙarfi na saya ba. Na canja girman taya, agogon gudu ya fara ƙarya, na'urar ta daidaita shi. Giyar ma yanzu tana shiga da kauri, ba ta jan jiki.

Mai jar kufe:
Ku kula da batir. Ina tsakiyar loda fayil, batir mai rauni, allon ya tsaya cak a kan rabi. Na murza makulli, shiru, fankar lagireto kawai ke ta ihu. Sai da aka jawo motar. Tun daga ranar caja nake jonawa in kashe fitilu da rediyo. Kuma mai sayen wadda wani ya riga ya yi amfani da ita ya sani, na'urar tana kulle kanta a mota ɗaya. Idan mai ita bai mayar da saitin kamfani ba kafin ya sayar, akwatin banza ka saya.

Mai Mustang:
Na gode ƙwarai. Baba bakanike, na fita na auna bututun, ya fi na asali faɗi a daidai wurin sensar, kuma kwana uku ke nan fitilar inji tana kunne ina kawar da kai. Asabar zan ɗora ta a kan daino yadda take, kafin in jona komai. Shin in mayar da tsohon bututun kafin awon, ko in bar wannan?