Wai da gaske sadakar mutane ce kawai ke riƙe da gidajen kerketai a Amurka?

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gareni musamman ga waɗanda suka daɗe a Amurka. Akwai wani bature da muke aiki tare anan Kolorado, kusan duk ƙarshen wata sai ya ja mota ya tafi wani waje can cikin duwatsu inda ake ajiye kerketai, wai aikin sa kai yake musu, ko sisi ba a biyansa, man mota ma daga aljihunsa. Yanzu ya matsa min sai na raka shi. Ni abinda ya ɗaure min kai ya ce gwamnati bata basu komai, mutane ne ke turo kuɗi. Toh dabbar da nama kawai take ci, kuma kun san tsadar nama anan, ta yaya karo-karo zai riƙe wannan? Kuma in sonsu suke haka me ya hana su sake su daji kowa ya huta? Sannan in na je ba za su cinye ni ba ko 😅

Baban_Hanifa:
Wa alaikumussalam. Ɗan uwa je abinka, ba abinda zai cinye ka, don da wuya ma su bar sabon zuwa ya shiga keji, kuma kerkeci na gaske tsoron mutum yake, kana zuwa zai koma can ƙarshen shinge yana kallonka daga nesa. Na yi wannan aikin lokacin ina karatu. Ka cire rai da shafa musu kai ana ɗaukarka hoto, aikin shine datsa nama, kwashe kashi da ragowar ƙasusuwa a bokiti, jan ruwa, fasa ƙanƙarar da ta daskare a kwanon shansu da sanyin asuba, sai gyaran waya wanda baya ƙarewa.

Maganar a sake su daji, ai nan ne mutane da yawa basu gane ba. Waɗannan ba daga daji aka kamo su ba, a hannun mutane aka haife su. Wani zai ga ɗan kwikwiyo mai kyau ya saya, ko tsantsar kerkeci ko ruwa biyu da kare, yana ƙarami lafiya lau, da ya kai shekara biyu ko uku ya balaga sai ya fara yaga kujeru yana haƙa rami ƙarƙashin katanga yana tsallake shinge, maƙwabta su kai ƙara, mai shi ya rasa yadda zai yi, gidan karnukan gwamnati kuma yawanci basa ba wani riƙon irinsu allura ake musu su mutu. Toh irin waɗannan ne ake kaiwa can. Bai iya farauta ba, kuma ya saba abinci daga hannun mutum yake fitowa, in ka sake shi kai tsaye garken shanun wani zai nufa ko bayan gidan mutane, harbe shi za a yi cikin kwanaki.

Waɗanda kake ji an saki daji daban ne, aikin hukuma ne. Na gandun dajin Yellowstone a 1995 da 1996 guda 31 ne aka kamo daga dajin Kanada. Ku ma nan Kolorado bayan ƙuri'ar da aka kaɗa a 2020, a Disambar 2023 aka saki guda 10 da aka kamo daga Oregon, 'yan daji ne tun asali. Misalin inda aka saki haihuwar keji shine kerkecin Meziko a Arizona a 1998, su kuma tun suna ƙanana ake ɓoye su daga mutane don kar su saba.

Nama kuwa mafi yawa ba saya ake ba. Barewar da mota ta buge a titi ana kira a zo a ɗauka, mafarauta in lokacin farauta ya zo suna kawo ragowa da na bara da ya kwana a firiza, makiyaya in saniya ko tsohon doki ya mutu su kawo, wasu shaguna su bada wanda kwanansa ya kusa ƙarewa. Kuma ba kullum ake cika musu ciki ba, a daji ma haka suke, ya ci kusan kilo 9 a zama ɗaya sannan ya yi kwanaki bai ci ba. Shi yasa babbar kadara a wajen firiza ce, ranar da ta lalace da rani zaka ga tashin hankali a fuskar kowa.

Sarkin_Yaƙi_KN:
Ikon Allah. Mutane na kwana da yunwa a duniya wasu na tara dala suna ciyar da kerkeci. Ni dai gara masu wasa da kura na wajenmu, ko ba komai kurar ce ke nemo musu abinci, ba su ke bara don ita ba 😂

Maman_Sadiq:
Malam Sarkin Yaƙi ai wanda ya shayar da kare ruwa ma an gafarta masa, hadisi ne sananne, kuma mutum ne ya jefa dabbar a wannan halin da kwaɗayinsa, ba ita ta kawo kanta ba. Amma bari in amsa maganar kuɗin don aikina ne, lissafin ƙungiyoyin agaji nake yi.

Kusan dukkansu rajistar 501(c)(3) garesu, ma'ana basa biyan harajin tarayya akan abinda suka tara kuma wanda ya bada yana iya cirewa daga lissafin harajinsa, shi yasa zaka ga kuɗi ya fi shigowa a Disamba kafin shekara ta rufe, watannin da ke biye kuma sai a hankali. Hanyoyin sune kuɗin shiga na masu zuwa kallo, sayar da riguna da kofuna, ɗaliban makaranta da ake kawowa, sai wanda ya fi ƙarfi wato mutum ya ɗauki nauyin kerkeci ɗaya yana biya duk wata ana turo masa hotonsa da labarinsa. Wasu tsofaffi har wasiyya suke bari.

Inda kuɗin ke tafiya ba ciki bane, tunda kamar yadda Baban Hanifa ya faɗa naman mafi yawa ba saya ake ba, likita ne da shinge da inshora. Shingen sai ya kai ƙafa 8 ko fiye, a lanƙwasa samansa ciki, a binne waya a ƙasa saboda haƙa, a yi ƙofa biyu ta yadda sai ka rufe ɗaya zaka buɗe ɗaya, kuma kowane biyu ko uku filinsu daban don in ka haɗa waɗanda basu saba ba kashe juna za su yi. Wajen likita kuma sai an sa wa kerkecin maganin barci kafin a duba ko haƙori ne. Sannan a daji da wuya ya wuce shekara 6 zuwa 8 amma a keji yana kai 15, toh ka ga duk wanda ka karɓa yau ka ɗaukar wa kanka alƙawarin shekaru goma sha ne alhali kuɗin da kake da tabbacinsa na 'yan watanni ne. Wannan shine ainihin matsalar, shi yasa masu hankali a cikinsu kullum cewa suke ba wuri, suna mayar da mutane suna kuka a waya. Waɗanda basu iya cewa a'a ba sune ake wayar gari an rufe su ana neman inda za a rarraba dabbobin.

Wasu dai sun jure. Wolf Park na Indiyana tun 1972, Wolf Haven na jihar Washinton tun 1982, Mission: Wolf da ke kusa da Westcliffe a jiharku tun 1988, su da hasken rana ma suke samun wuta.

Kafin ka basu ko dala ɗaya ka nemi fom 990 ɗinsu, wato rahoton kuɗi na shekara da suke ba hukumar haraji, a buɗe yake a intanet kowa na iya gani, zaka ga nawa ya shigo nawa shugaba ya ɗauka. In suna buɗe wa masu kallo su nuna lasisin USDA, wato ma'aikatar noma ta Amurka. Kuma ka tambaya ko suna barinsu su haihu. Na kirki aikin hana haihuwa suke musu, sai dai in suna cikin shirin gwamnati na ceto irin da ya kusa ƙarewa. In ka ga duk shekara akwai sabbin jarirai ana biyan kuɗi a rungume su a yi hoto, kasuwanci ne, su ne ma ke ƙara yawan matsalar.

Ɗan_Gwale:
Kai na gode sosai wlh, Allah ya saka. Hajiya zan duba fom ɗin a daren nan. Baban Hanifa in na yanke shawarar zuwa me zan tanada? Kuma maganar sallah da kayan da jini ya taɓa fa?

Baban_Hanifa:
Ka tafi da kaya biyu kawai, na aiki ka cire ka ɗaure a leda in lokaci ya yi, ni haka nake yi kuma ba wanda ya taɓa ce min komai. Takalmi mai ƙarfi, safar hannu mai kauri, rigar sanyi ko da rani ne don saman duwatsun nan yamma na yi iska ke juyawa. Kar ka fesa turare, kar ka je da kare ko na wani ne. Ka ci abinci da wuri kafin a fara datsa, in doki ne aka kawo warin ba wasa ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, in ka ce musu zaka dawo to ka dawo. Babban ciwon kansu 'yan sa kai masu zuwa sau ɗaya a ɓata yini ana koya musu aiki su yi hoto su ɓace, da bazara mutane har sun yi yawa, Janairu kuwa mutum uku ko huɗu ne zaka samu suna jan nama a kan ƙanƙara. In kana da hannu a walda ko gyaran wuta ko mota ka faɗa musu tun ranar farko.

Sarkin_Yaƙi_KN:
Toh Hajiya na ji hadisi na yi shiru. Ɗan Gwale in ka je ka turo mana bidiyon kukansu, ance in ɗaya ya fara duka suke ɗauka.