Littattafai sun taru amma yara ba sa zama: yaya ake tsara karanta musu a bayyane?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Malamai da masu kula da ɗakunan karatu, ina neman shawararku. Ƙaramin laburare ne, ɗaki ɗaya, littattafan yara kusan 300, yawancinsu kyauta aka kawo. Yara kan shigo, su jujjuya shafuka, su kalli hotuna, kafin minti biyar sun fice. An ce a ware lokaci a riƙa karanta musu da murya. Shin wannan yana da amfani na gaske, ko dai cika lokaci ne kawai? In yana da amfani, minti nawa ake yi, yara nawa a zama ɗaya, kuma wane irin littafi ake ɗauka? Shekarunsu daga 3 zuwa 11 ne.

Malamar firamare:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba cika lokaci ba ne, shi ne ma aikin. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, littafi a wurinsa kwali ne mai hoto, sai wani ya buɗe masa abin da ke ciki. Kuma har wajen ƙarshen firamare, abin da yaro yake fahimta ta kunne ya fi abin da zai iya karantawa da kansa. Ga shi kalmomin littafi sun fi na hirar yau da kullum yawa da bambanci, don haka a nan yake tsintar kalmar da ba zai ji a wurin wasa ba. Shi ya sa a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa yaro tun yana jariri.

Kuskure na farko shi ne a zaunar da ɗan shekara 3 da ɗan shekara 11 wuri ɗaya. Ƙaramin zai fara birgima, babban zai ga an raina shi. A raba su:

Masu shekara 3 zuwa 5, minti 10 zuwa 15 ya isa, yara kada su wuce 10 ko 12. Masu 6 zuwa 8 za su iya zama minti 20. Manyan kuma har rabin awa, in labarin ya kama su.

Ga yadda zama ɗaya yake tafiya. Mai karantawa ya karanta littafin shi kaɗai tukuna, da murya, aƙalla sau ɗaya. A nan zai gane inda harshe zai sarƙe, ya kuma zaɓi kalma biyu ko uku da zai yi wa bayani, ba goma ba. Yara su zauna a ƙasa su yi rabin da'ira, shi kuma a kan 'yar gajeriyar kujera. Ya riƙe littafin a gefen fuskarsa, hoton yana kallon yaran, ya juya shi a hankali daga dama zuwa hagu don na gefe su gani. Kada ya ba taga baya, domin hasken zai kashe musu ido, hoton ya zama duhu. Kafin a buɗe, a nuna bangon a ce, "Me kuke gani za a yi a ciki?" Sannan a karanta a hankali, fiye da yadda mutum yake jin ya dace. Sabon mai karatu kusan kullum sauri yake yi, saboda yana tsoron kada yara su gaji, alhali saurin ne ke sa su ɓata a hanya.

In yaro ya ce a sake littafin jiya, a sake. A karo na uku za ka ji suna riga ka faɗin jimla. Wannan ba gajiya ba ce, kama kalmomin suke yi.

Mai horar da malamai:

Malama ta kawo kusan komai, amma zan ƙara kan tambayoyi, don nan ne ake yawan ɓata abin.

Akwai hanyar da wani masani ɗan Amurka, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa suka gwada a 1988 da ƙananan yara, inda babba ba ya karantawa shi kaɗai, yana jawo yaron cikin hira. Ka nuna hoto ka ce, "Mene ne wannan?" Yaro ya ce, "Kare." Kai kuma ka ce, "Haka ne, baƙin kare ne yana gudu." Sai ka sa ya maimaita. Ka ga an ɗauki kalmarsa ɗaya an mayar masa da biyar. Wannan yana aiki sosai da yaro ɗaya ko uku. A rukunin 12 kuwa, in ka tsaya a kowane shafi, zaren labarin zai tsinke. Littafin hoto galibi shafi 32 ne, tsayawa uku ko huɗu ta isa.

Bayan ka yi tambaya, ka ƙirga biyar a zuci kafin ka kira wani. In ba haka ba, yara biyu masu baki ne za su cinye zaman kullum. Kuma a guji tambayar jarrabawa irin "Wa zai faɗa mini sunan yarinyar?" Da zarar sun ji ƙamshin gwaji, masu rauni za su daina zuwa, su kuwa su ne aka fi nema. "Da kai ne, me za ka yi?" ta fi buɗe baki.

Sai batun harshe. A fara da harshen da yaran suke magana da shi a gida. In littattafan da aka kawo na wani harshe ne, kada a tsaya fassara jimla bayan jimla, yana kashe labari. A ba da labarin da harshen yaran ana nuna hotunan, a zaɓi kalmomi kaɗan na harshen littafin a koya musu.

Ga manyan, a ɗauki dogon labari a riƙa karanta babi ɗaya kowane mako, a tsaya daidai inda abu ya ɗau zafi. Su da kansu za su zo neman littafin kafin mako ya zagayo.

Ma'aikacin laburare:

Ni ɓangaren ɗakin zan taɓa, domin in karatun ya yi daɗi, abu na gaba shi ne yaro ya miƙa hannu, kuma dole ya sami abin ɗauka.

Ɗan'uwa, ka fara tace waɗannan 300 ɗin. Littafin kyauta sau da yawa abin da mai shi ya rasa inda zai kai ne. Wanda shafukansa suka ɓace, da wanda ya yi fumfuna, da tsohon littafin makaranta da manhajarsa ta sauya, a fitar da su. Mai fumfuna kam kada ya kwana da sauran, yana yaɗuwa. Ɗari masu kyau sun fi ɗari uku da yaro zai tona ya gaji.

Kantar yara kada ta wuce mita ɗaya tsawo, kuma a jera wasu littattafan bangonsu yana kallon waje. Yaro ba ya zaɓar littafi da rubutun ƙashin bayansa, hoton bango yake bi. Tsarin Dewey, wato jera littattafai da lambobi bisa fanni irin na manyan ɗakunan karatu, bai zama dole a nan ba. Sitika mai launi ta wadatar: kore na masu fara karatu, rawaya na tsakiya, ja na manya. Kowane littafi dai a ba shi lambarsa a rajista. A ɗaga kanta kamar santimita 15 daga ƙasa, a ɗan janye ta daga jikin bango saboda laima da gara, kuma kada rana ta riƙa dukan littattafan kai tsaye, tana kashe launi tana busar da takarda.

Littafin da aka karanta yau a bar shi a fili, shi za a fara nema. Aro kuma littafi ɗaya, mako ɗaya ko biyu. Ban goyi bayan cin tara ba: yaron da ya makara da littafi, in ya san za a caje shi, shi da littafin duka ba za a sake ganinsu ba.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: shafukan da suka yage fa, salatif za a sa?

Ma'aikacin laburare:

A'a, Malam. Salatif yakan yi rawaya, ya bushe ya faɗi, ya bar tabon da ba ya fita. A yi amfani da farin gam, a shafa kaɗan da ɗan buroshi a bakin yagewar, a sa leda sama da ƙasa don kada shafuka su manne da juna, a ɗora abu mai nauyi ya kwana. In ƙarfen da ya riƙe tsakiyar littafin ya yi tsatsa, a cire shi, a huda rami uku a kan ninkin, a ɗinke da zare mai ƙarfi, ƙullin ya zauna ta ciki.