Abin da aka tattara kan masu karɓar kuɗi da sunan yaƙi da zubar da ciki

Jama'a, tattaunawar da aka yi kan masu karɓar kuɗi da sunan yaƙi da zubar da ciki ta yi tsawo, ga abin da na tsinto daga ra'ayoyin mutane.

1. Ba wanda ya yi jayayya kan hukuncin zubar da ciki. Malikiyya, mazhabar da muke bi a nan Zamfara, ta fi tsanani a wannan babi, dokar ƙasa ma ba ta yarda ba sai don ceton ran uwa.

2. Inda aka fi zafi shi ne kuɗi. Da yawa sun ce suna ganin masu yawo da hoton jariran da aka tsinta, a ƙofar masallacin Juma'a a Gusau ko a Facebook, amma lambar asusun ta mutum ɗaya ce, ba ta ƙungiya ba. Shawara: a nemi shaidar rajista, a tambayi ina jariran suke, wa ke shayar da su, a je a gani da ido. Wanda ya fusata don an tambaye shi lissafi, a riƙe kuɗin. Wasu sun fi son a miƙa wa Hukumar Zakka da Waƙafi ko gidan marayu kai tsaye.

3. Munafunci. Wata ta ce mai tsine wa yarinyar da ta zubar da ciki a lasifika, in 'yarsa ce, da dare ake kai ta wani gari. Ni ma nan na fi tsayawa, don ba a cika ambatar namijin da ya yi cikin ba.

4. An rabu kan fallasa irin waɗannan mutane. Wasu sun ce a tona, wasu sun ce in babu hujja ƙazafi ne, a kai wa malaman unguwa a asirce. Ba a daidaita ba.