Cinyar jaririyata ta kumbura bayan allurar sati 6, mu koma ta biyu?

Tela daga Garin Malam:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, nan Garin Malam cikin Damagaram nake zaune, kuma shawara nake nema wurin masu sani da iyayen da suka riga ni goyo.

Allah ya ba mu 'ya mace, ranar Talata mai zuwa take cika sati 10. Da ta yi sati 6 uwarta ta kai ta likitar unguwa, aka ɗiga mata magani a baki, aka yi mata allura a cinya biyu. Tun la'asar jikinta ya ɗau zafi, cinyar hagu ta yi ja ta kumbura, ko zane ya goga wurin sai ta canyara kuka. Daren nan babu wanda ya runtsa a gidan. Ni da na saba ɗinki har ƙarfe biyun dare lokacin sallah, ban taɓa ganin dare mai tsawonsa ba. Washegari zazzaɓin ya sauka, amma har yau in ka taɓa wurin akwai ɗan ƙululu kamar ƙwayar gujiya.

Mahaifiyata da muke tare ta ce magana ta ƙare, ba za a sake kai mata jika a soke ta ba. Ta ce lafiya lau aka fita da yarinya, aka dawo da ita da ciwo. Ba na son in saɓa mata, kuma ban san abin da zan ce mata ba, don ni ma abin da idona ya gani ke nan.

Sai kuma wan jaririyar, shekararsa 3 da rabi. A ƙauyen su uwar aka haife shi, wajen Mirriya. Jiya na ɗauko karnensa, wato katin rigakafinsa, na duba, layin wata 9 babu komai a rubuce. Yaron nan in ya hango farar riga ko daga nesa ne sai ya ruga bayan randa. Shin daga farko za a sake masa? Kuma yaya ake kai yaro irin wannan ba tare da an ja shi a ƙasa ba?

Na ƙarshe: wani abokina ya ce in daina wahala da layi, in nemi kilinik na kuɗi inda likita ɗaya zai san iyalina duka. Matata ma ba ta son komawa, don wancan karon an yi mata faɗa gaban mutane saboda ta makara. Me kuka gani?

Majo mai ritaya:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya raya, ya sa mahaddaciya ce. Na yi shekaru ina aikin majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a likitocin karkara kafin in dawo gari, kuma daren da ka faɗa na sha jin labarinsa daga bakin uwaye da safe, idonsu jajur.

Abin da ya same ta sananne ne. Allurar da ta fi kawo zazzaɓi da kumburi ita ce wadda muke kira Penta, mai kare yaro daga cuta biyar a tsira ɗaya: mashaƙo, tetanos, tarin shiƙa, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Ta ɗayar cinyar ta ciwon huhu ce, na baki kuma na shan inna ne da na zawo. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu jiki ne ke koyon faɗa da abin da aka nuna masa. Ƙululun nan yakan yi makonni kafin ya baje, ku bar shi. Kada a murza, kada a yi gashi da ruwan zafi, kada a shafa man zafi. Tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan randa a ɗora, ya isa. Amma in wurin ya ci gaba da girma, ya yi zafi, ko ya tara ruwa, wannan a kai a duba.

Penta sau uku ake yi, sati 6, sati 10, sati 14. Ta farko kamar harsashin gini ce. Wanda ya tsaya a nan ya sha wahalar daren, bai samu cikakkiyar kariyar ba. Shi ya sa abin ke yi mini ciwo in uwa ta ɓace bayan ta farko.

Ranar Talata ku yi haka. Ku fita da sassafe, kafin rana ta yi. A sa mata kaya masu sauƙin buɗewa a cinya, ba waɗanda za a yi ta kokawa da maɓalli ba, kai tela ne ka san abin da nake nufi. Lokacin da za a soka, uwar ta rungume ta a ƙirji ta sa mata nono, ta fara tsotsa kafin allurar ta shiga, ta ci gaba bayan an zare. Wannan yana rage zafin sosai, kuma ba ya sa yaro ƙwarewa ko ƙin nono kamar yadda wasu ke tsoro. In an gama kada ku hau kabu-kabu nan take, ku zauna a inuwa kamar minti 15 zuwa 30. Kafin ku tashi, uwar ta gaya wa ma'aikaciyar abin da ya faru wancan karon, ta roƙi a rubuta mata adadin parasetamol na ruwa daidai nauyin yarinyar, don da kilo ake auna shi, ba da ido ba. Ban da asfirin, ban da maganin masu talla a bakin kasuwa. A gida a rage mata sutura, a yawaita nono. Ba ruwa, ba jiƙo, tunda ba ta kai wata 6 ba.

Abubuwan da ba a kwana da su: jijjiga, ƙin kama nono gaba ɗaya, numfashi da ƙyar, kumburin fuska, jiki ya saki, kuka mai tsanani da ya wuce awa 3 bai tsaya ba, ko zazzaɓin ya zarce kwana biyu. Ko tsakar dare ne a tafi. Ba su cika faruwa ba, amma gara ka san su.

Yaron kuma ba a sakewa daga farko. Jiki bai manta abin da aka ba shi ba, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Layin wata 9 na baƙon dauro ne da shawara da sanƙarau, kuma baƙon dauro yana da ta biyu a shekara ta biyu. Ka kai shi da karnen, majon wurin zai ga abin da ya rage. Sai dai ka tambayi ranar tukuna. Kwalbar baƙon dauro ta yara 10 ce, in an haɗa ta da ruwanta awa 6 kawai take yi a zubar, shi ya sa wurare da yawa ke ware mata rana. Kuma zazzaɓinta ba ranar yake zuwa ba, sai bayan kamar sati ɗaya zuwa kwana 12, wani lokaci da 'yan ƙuraje. Na faɗa maka tun yanzu don kada Hajiya ta ce wata sabuwar cuta ce.

Zancen kilinik, in kana da hali ba laifi ba ne samun likitan da ya san gidanka. Amma rigakafin yara kyauta ne a likitar gwamnati, kuma tun 2006 ƙasar nan ta ɗauke kuɗin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5, ko da yake wani lokaci magani kan yanke a rubuta maka ordonansi, wato takardar sayen magani. Can ake awo, a auna damtse don tamowa, a ba da bitamin A da maganin tsutsar ciki, a yi gwajin zazzaɓin sauro, uwa ta samu shawarar tazarar haihuwa. In kuka riƙe wuri ɗaya da karne ɗaya, ba a daɗewa za a san ku da suna. Faɗan da aka yi wa matarka ba daidai ba ne, ban goyi bayansa ba. Ka raka ta wannan karon.

Maman 'yan biyu, Birni:

Malam tela, sannu da fama. Ni a kan yaron zan yi magana, don nawa biyu ne kuma ɗaya matsoraci ne na gaske.

Kuskuren da na yi da farko, na ce musu kasuwar Dole za mu je sayen takalmi. Da suka ga inda muka sauka, daga ranar ko kasuwar gaske na ce mu je sai su tambaye ni sau uku. Kada ka yi masa ƙarya. Da safen ranar, ba tun kwana uku ba, ka ce za a yi masa allura, za ta yi zafi kaɗan kamar cizon cinnaka, kuma kana tare da shi. Ka ɗora shi kan cinyarka a zaune, bayansa a ƙirjinka, ka riƙe hannuwansa kamar runguma. Kwantar da yaro a danne shi shi ne ke haukata shi. Ka ba shi abin kallo a wayarka ko ka sa shi ya hura iska kamar yana hura koko. In ya yi kuka a bar shi ya yi, kada wani ya ce masa namiji ba ya kuka.

Kuma a binciki gidan, wa ke ce masa "in ba ka yi shiru ba zan kira likita ya yi maka allura"? A gidanmu ni ce da kaina. Sai da na daina tsoron ya ragu.

Ɗan Matamaye:

Ɗan'uwa, Hajiya ba ƙiyayya take yi ba, tausayi ne. Amma ka tuna mata 2023, lokacin da mashaƙo ya shigo yankinmu. Ni na ga yaro a unguwarmu wuyansa ya kumbura, ruwa ma ba ya wucewa. Kafin nan, ƙarshen 2022, sanƙarau ya bi ta Dungas da Magariya da Mirriya da nan wajenmu. Mashaƙon nan yana cikin biyar ɗin da Inna Majo ta lissafa.

Tawa mahaifiyar ba ta ji maganata ba sai da na roƙi ƙanwarta ta zo ta yi mata. Tsofaffi sun fi jin na tsararsu. Ka kuma nemi ta nuna maka tabon lamba a hannunta, da wuya a ce babu. Ka tambaye ta yara nawa baƙon dauro ya ɗauka a garinsu tana budurwa, sai ka yi shiru ka saurara.

Tela daga Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna Majo, na karanta wa matata saƙonki tun daga sama har ƙasa, ta ce maganar nono lokacin allura ba ta taɓa ji ba, wancan karon a kan cinya kawai ta shimfiɗe ta.

Ɗan'uwa na Matamaye, na yi abin da ka ce bayan isha'i. Hajiya ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta kira sunan ƙannenta biyu da ban taɓa jin an ambata ba. Shekara ɗaya suka tafi, lokacin bazara. Ba ta ce ta yarda ba, ta dai ce in za a je da ita za a je, ita za ta riƙe yarinyar bayan an gama, kuma za ta tambayi ma'aikaciyar da bakinta. Na ce to.

Maman 'yan biyu, mai tsoratar da yaron ni ne, a shago nake ce masa haka in ya taɓa almakashi. Na bari daga yau.

Talata zan rufe shago da safe. Inna, tambaya ɗaya ta rage: tun jiya yarinyar na ɗan yin mura, ba zazzaɓi, tana shan nono lafiya. Mu ɗaga ranar ko mu tafi haka?

Majo mai ritaya:

Ku tafi ɗana. 'Yar mura ba ta hana rigakafi, ku dai faɗa kafin a yi, za su taɓa jikinta su duba. Ka ɗauki karne biyun duka, ka sa su cikin leda. Ka gaida mini Hajiya, ka ce a sama mata wurin zama a inuwa.