Neman shawara: ina son koyon bugun zane da linoliyam, daga ina zan fara?

Mai tambaya, daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni magidanciya ce, shekaruna sun haura arba'in, kuma ina son koyon linokat, wato a sassaƙa zane a fallen linoliyam, a shafa masa tawada, sannan a buga a takarda. Burina in riƙa buga katin walimar saukar Alƙur'ani mai ɗauke da zayyana irin ta allo da kuma dagi. Ban taɓa riƙe wuƙar sassaƙa ba. Waɗanne kaya ne suka zama dole, kuma ledar ɗaki da ta rage mana za ta iya maye gurbin linoliyam?

Wani malamin zane, daga Riyad:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ledar ɗakin da ake sayarwa yanzu galibi roba ce, tana da santsi kuma ba ta da kaurin da wuƙa za ta nutsa, don haka ki bar ta a inda take. Linoliyam na gaske, wanda Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860, ana haɗa shi ne da man linsid da garin katako da ƙaro, a shimfiɗa a kan algarara, shi ya sa yake yankuwa sumul. Kayan farawa ba su da yawa: falle biyu ko uku ƙanana, wuƙa mai baki kamar harafin V domin siraran layuka, wata mai baki kamar U domin kwashe fili, rola ta roba, gilashi mai kauri da za ki murza tawada a kai, da baƙar tawada guda. Ba ki buƙatar injin bugu, domin bayan cokalin katako ya wadatar wajen goga takarda. Ki duba sashen kayan zane na kantin littattafai na Jarir ko shagunan intanet.

Wata 'yar'uwa, daga Makka:
Yaya, tunda kin ambaci katin sauka, akwai abin da ya fi sayen kaya muhimmanci. Duk abin da kika sassaƙa zai fito a juye, dama ta koma hagu. Dagi ba ya nuna wannan sosai, amma rubutun Larabci ko ajami idan kika sassaƙa shi yadda ake karantawa, to aikin ya lalace, kuma abin da wuƙa ta cire ba ya komawa. Ki zana da fensir mai laushi a takarda shara-shara, ki kifa ta a kan fallen, ki goga bayanta har zanen ya kama, zai juye da kansa. Ki tuna cewa wurin da kika yanke shi zai fito fari, wanda kika bari shi zai ɗauki tawada. Ni a ganina ki jinkirta rubutu tukuna, saboda ɗigon haruffa kan ɓalle a hannun ɗan koyo. Kuma in za ki buga aya, ki tanadi inda za ki adana takardun gwaji don kada su shiga shara.

Wani dattijo, daga Madina:
'Yata, ki kula da hannunki. A kullum bakin wuƙa ya fuskanci gaba, hannun da ke riƙe da falle kuma ya kasance a bayanta, kuma fallen za ki riƙa juyawa idan layi ya lanƙwasa. Dakusasshiyar wuƙa ce ke zamewa ta yanki mutum, saboda haka ki riƙa wasa ta a kan fata. Sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana sa linoliyam tauri, ki ɗan ajiye shi a rana ya yi ɗumi kafin ki fara, amma kada ki tara da yawa, domin in ya tsufa bushewa yake yi yana marmashewa.

Malamin zane ya ƙara da cewa:
Baba ya yi gaskiya. Game da tawada, mai ruwa tana da sauƙin wankewa, sai dai a bushewar iskar Riyad takan ƙafe a kan gilashi tun kafin a gama murzawa. Ku a Jidda danshin teku zai taimaka miki, to ki fara da ita. Ki murza ta siririya sosai, don in ta yi yawa za ta cike ƙananan layukan zayyanar. Idan hannunki ya faɗa, sai ki gwada launuka da yawa a falle ɗaya, ana bugawa ana ƙara yankewa, dabarar da shahararren mai zane Picasso ya yi aiki da ita a Faransa a ƙarshen shekarun 1950.

'Yar'uwar Makka:
Malam, ni ban yarda a fara ambato mata launuka ba tun yanzu. Yaya, ki yanki falle daidai tafin hannu, ki sassaƙa dagi ɗaya, ki buga shi sau goma a takardar rubutu mara kauri, sannan ki turo mana hotunan mu ga inda tawada ta yi yawa da inda cokali bai kai ba.