Muhawara: Fina-finan rawa na lokacin korona, karatu ne ko maneji?

Malamin wasan kwaikwayo: A ganina, fina-finan rawa da ɗalibai da malamansu suka shirya bayan rufe makarantu a watan Maris na 2020 maneji ne kawai, bai kamata a lissafa su cikin karatun rawa ba. Malami da hannu yake gyara ɗalibi, ya dafa kafaɗarsa, ya miƙar masa da baya, kuma wannan ba ya yiwuwa ta Zoom, inda kiɗa ke isa kunnen kowa a lokaci daban.

Malama mai koyar da fim: Malam, a gafarce ni, rawar da ake tsarawa domin kyamara fanni ne mai zaman kansa, domin Maya Deren, wata mai shirya fim, ta yi irinta a Amurka tun 1945. Makarantar kiɗa da rawa ta Juilliard da ke New York ta fitar da bidiyo a Afrilun 2020, kowane ɗalibi ya taka a gidansa, aka harhaɗa daga baya. Mu ma ai rawar Kannywood domin kyamara ake tsara ta, saɓanin ta 'yan koroso da ke buƙatar fili da 'yan kallo.

Malamin wasan kwaikwayo: Harhaɗawar ce damuwata, Malama. Wanda ya maimaita taku sau da yawa, mai tacewa ya zaɓi mafi kyau, ba a san ƙarfinsa ba sai ya hau dandamali, inda ba a cewa a sake.

Ɗaliba: Malamaina, akwai abin da ba a ambata ba, wato daɓe. Ɗakin koyon rawa ana shimfiɗa masa katako mai sassauci, amma a gida, tsalle a kan siminti ko tayil yana cin gwiwa da idon sawu, ga kuɗin data da ɗauke wuta.

Malama mai koyar da fim: Gaskiyarki, amma a kan siminti, cikin ruwan sama, ba takalmi, wani yaro mai suna Anthony Madu ya yi rawar bale (ballet, rawar Turawa) a Legas a watan Yunin 2020, yana ɗan shekara 11. Bidiyon wannan rawar, wanda makarantarsa ta Leap of Dance ta fitar, shi ne ya samo masa tallafin karatu daga kamfanin rawar bale na Amurka, American Ballet Theatre.

Malamin wasan kwaikwayo: Kin ƙarfafa hujjata ke nan, domin kafin a ɗauki bidiyon, malaminsa Daniel Ajala ya daɗe yana horar da yaron ido da ido.