Idan Addu'a Ta Yi Nauyi: Shawarwarin Da Aka Bayar

A tattaunawarmu ta zumunci, wata 'yar'uwa ta tambaya: me mutum zai yi idan zuciyarsa ta bushe, addu'a ta zama kamar aikin dole?

Shawarar da ta fi kama ni ita ce kada a ɓoye wa Allah gajiya. An kawo Zabura 13, inda Dawuda ya tambayi Ubangiji "har yaushe" sau huɗu kafin ya kai ga yabo. Wani dattijo ya tuna mana da annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Bayan nasarar da ya yi kan annabawan gunki Ba'al a Dutsen Karmel, ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, amma mala'ika bai tsauta masa ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake barci. Wato wani sanyin gwiwar, hutu ne maganinsa. Ban taɓa lura da wannan ba.

An kuma ce gara aya ɗaya kullum da babi goma sau ɗaya a wata, kuma kada a janye daga sujada.

Kan azumi dai ba a daidaita ba. Wasu sun ce yana farfaɗo da zuciya, wasu sun ce mai gajiya ya fara murmurewa tukuna.